Gwanin da Ya Ƙi Auna Suna

An yi wani mutum a Malali, gwanin rubuta manhajar kwamfuta. Wani ƙaramin asibiti ya ba shi amanar haɗa manhajar da za ta riƙa fito da bayanan marasa lafiya da sunayensu.

Ya 'yan uwa, na'ura ba ta san mutum ba. Kafin ta gwada suna da suna, sai an juya kowanne ya koma lambobi bisa tsarin harshenmu, kuma juyayyen yakan fi na asali tsawo. Ƙa'idar sana'ar ita ce a fara tambayar na'ura gurbin da sunan zai ci, sannan a tanada masa. Gwaninku ya ga ɓata lokaci ne, ya yanka gurbi da ka. Duk sunan da ya yi tsawo sai ƙarshensa ya guntule wajen gwada shi da wani, ba mai sani.

Abokin aikinsa Sharhabil ya ce, "Malam, a auna mana. Sunayenmu fa kama suke yi."

Ya ce, "Kai dai ka cika tsoro."

Mai asibiti ya tambaye shi ko ya gwada aikin, ya ce wallahi ya gwada. Bai gwada ba. Wa yake zaton ya yaudara?

Ana nan mahaifiyarsa ta kwanta ciwo, shi da kansa ya kai ta asibitin. Akwai allurar da jikinta ba ya ɗauka, an kuwa shigar da haka cikin kwamfuta. Amma sunanta Harira Zakariyya Sambo, ga kuma wata Harira Zakariyya Abba. Na'ura ta ɗauke su mace ɗaya, ta fito da bayanin waccan, aka yi wa tsohuwa allurar.

Yana tsaye numfashinta ya fara sarƙewa. Ya leƙa kwamfutar, ya ga sunan da kunya ba ta taɓa barinsa ya furta ba, da Abba a ƙarshensa. Nan ya gane. Kafin la'asar an kai ta makwancinta.

Yanzu a Mando yake yawo ba takalmi, yana tare mutane yana cewa, "Faɗa min sunanka duka."

Wallahi labarin nan tsoro yake ba ni. Wanene cikinmu ba shi da aikin da ba mai dubawa? Shi ma amana ne, rantsuwar ƙarya kuma ba ta ɓatan hanyar gidan mai ita. Wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba.

Allah ya kiyaye mu daga ha'incin da zai ci na jikinmu. Amin.