Manajan da Ya Koma Ban Ruwa

Akwai wani bawan Allah da kowa ke kira Manaja, har 'yan gidansu. Shi ne shugaban sashen ciniki a wani babban kamfanin kayan gini. Yana da gidan sama da motoci, ga wayoyi da ba sa yin shiru. Da wuya ya ci abinci da zafinsa.

Wata safiya yana hawa matakalar ofis jiri ya kwashe shi. Sai a gadon asibiti ya farka. Likita ya ce hawan jini ne, kuma in bai sassauta wa kansa ba, faɗuwa ta gaba ba lallai ya tashi ba.

Washegari ogansa ya zo dubiya. Bayan "sannu da jiki", sai ya zaro kwamfuta daga jaka ya ɗora masa a cinya, alhali ana yi masa ƙarin ruwa.

"Tunda hannun dama lafiyarsa ƙalau, ɗan duba mana rahoton nan kafin yamma."

Manaja ya dubi matarsa, ita ma ta dube shi. Ya rufe kwamfutar ya miƙa wa ogan.

"Ranka ya daɗe, a nemi wani. Na ajiye aikin."

Oga ya yi dariya, ya ɗauka allura ce ke magana. Amma Manaja bai sake taka ofishin ba.

Da suka koma gida ya tambayi matarsa yadda za su yi ba albashi. Ta ce, "Rabin ɗakunan gidan nan ba mai shigarsu sai ni da tsintsiya. Mu sayar."

Suka sayar da gidan da babbar motar, suka sayi ƙaramin gida mai fili a bayan gari. Nan ya fara renon dashen mangwaro da gwaiba da lemo a cikin leda, yana sayarwa.

Farkon abin bai zo da sauƙi ba. Zafi ya dame su, babbar 'yarsa ta sha kuka da aka sauya mata makaranta, abokan cin mushe kuma duk suka watse.

Yayansa ya zo a fusace, ko zama bai yi ba.

"Ko hamsin ba ka kai ba ka zauna kana wasa da laka? Ka zubar mana da mutunci. A da in na ce ƙanina manaja ne, har kujera ake ba ni a taro. Yanzu me zan ce wa mutane?"

"Yaya, ka ce musu ƙaninka yana raye. Kujerar nan da ake ba ka, da lafiyata nake biyanta, kuma na daina."

Yayan ya kaɗa riga ya fita.

A hankali ciniki ya kankama. Ba su yi arziki ba, amma ba su roƙi kowa ba. Jininsa ya sauka, yaransa suka saba da ganinsa a gida, har 'yar nan mai kuka ta zama ita ke yi wa masu saye bayanin kowane dashe.

Ana nan sai ga oga a ƙofar lambun, cikin kwat da takalmi mai sheƙi. Ya ce wanda aka ɗora a kujerar Manaja shi ma ya gudu, kamfani na so ya dawo. Ya yi alkawarin ninka albashi, da sabuwar mota, da direba.

Manaja ya saurare shi har ya gama, hannunsa duk laka.

"Na gode, ranka ya daɗe, amma ba zan dawo ba. Ɗan matsa kaɗan, ka taka mini tiyo, ruwa ba ya zuwa."

Oga ya ɗaga ƙafa, Manaja ya ci gaba da ban ruwansa.

Darasi: Ba kowane ja da baya ne faɗuwa ba. Idan aiki na cin lafiyarka don kawai ka riƙe gidan da ya fi ƙarfin buƙatarka, rage kayan, ka tsira da ranka. Masu cewa "me mutane za su ce" ba su ne za su kwanta a gadon asibitin ba. Ku tura wa wani ɗan'uwa da aiki ke neman kayarwa.