Manomin da Karta Ta Ɗauke wa Hankali

Akwai wani manomi wanda mahaifiyarsa ta tsufa, har idanunta suka daina gani. Kullum in ya taso daga gona sai ya biya ta ɗakinta, ya zauna a bakin tabarma, ya ba ta labarin shuka, ita kuma ta ba shi na mutanen da.

Wata shekara da rani, aiki ya yi sauƙi, sai abokinsa ya sa masa wasan karta a waya. Da fari abin ɗebe kewa ne kawai. Amma in ya ci sai ya so ya ƙara, in aka cinye shi kuwa ya ce ba zai tashi ba sai ya rama. Har damina ta sauka bai bari ba. Yana zuwa wurin tsohuwa kamar da, amma tana magana, shi kuwa sai "to" da "haka ne", idonsa na kan waya.

Ran nan ya miƙe zai tafi, sai ta ce, "Bawan Allah, na gode da zaman da kake taya ni. In ka ga ɗana, ka ce masa ina marmarinsa."

Ya ce, "Inna, ai ni ne."

Ta ce, "Na sani. Shi ya sa na aike ka."

Kunya ta rufe shi. A ranar ya goge wasan. Amma ba a jima ba ya mayar da shi, ya sāke gogewa, ya sāke mayarwa. Da ya ga ƙarfinsa ya kāsa, sai ya durƙusa ya roƙi Ubangiji taimako. Sa'an nan ya je ya faɗa wa tsohuwa gaskiya, ya ce, "Inna, ina so in bari, amma hannuna ba ya iya zama haka kawai."

Ta ce, "To, jawo kwandon gyaɗar can."

Daga ranar yakan bar wayar a hannun matarsa, ya zo su yi ta ɓarar gyaɗa suna hira. Sha'awar ba ta tafi nan da nan ba, amma ta yi ta raguwa, har ya zama shi ne mai jan hirar.

Ma'anar misalin nan ke nan, 'yan'uwa. Manomin shi ne kowannenmu. Kartar ita ce duk abin da ya shigo da sunan hutu, ya zama maigida a zuciyarmu. Tsohuwar kuwa ita ce waɗanda Allah ya ba mu mu ƙaunata. Gogewa kaɗai ba ta isa ba. Ka roƙi Ubangiji, ka faɗa wa wani gaskiya, ka kuma ba hannunka aikin kirki. Kada ka jira sai rani mai zuwa, gama tsofaffinmu ba za su zauna da mu har abada ba.