Akuyar da Ta Hana Farfesun Jego

An ce a wani gari an yi wani Sarkin Pawa mai suna Barau. 'Yarsa Uwale ta haihu, ya kamo tsohuwar akuyarsa don a yi mata farfesun jego. Ya ɗora wuƙa ke nan sai akuya ta yi magana.

"Ranka ya daɗe, ni ba yanka nake tsoro ba, mai jego nake tausayi. Shekara shida ina kiwo a jujin bayan mahauta, me kake zaton ke cikina? Ji labarin Kande mai alala tukuna."

Barau ya ce, "Ikon Allah! Faɗi."

Akuya ta ce, "Da ganye Kande ke naɗe alala, har aka ce mata ƙauyanci ne. Ta koma ƙullawa a leda tana jefawa cikin tafasasshen ruwa. Masu saye su ci su yar, ruwan sama ya kwashe ledojin sai rafi. Ran nan ta sayo tarwaɗa mai rai za ta yi miya, tarwaɗa ta ce, 'Baiwar Allah, bari in ba ki labarin uwata. Ta ga wani gari-gari yana yawo a ruwa, ta ɗauka abinci ne. Ashe ledarku ce rana ta gasa ta marmashe. Ta ci, ta ci, yunwa ta kashe ta cikinta a cike. Ni ma na ci. Aikenku ne na dawo miki da shi.' Kande ta ja tsaki, ta ce kifi ma ya samu baki, ta dafa wa 'ya'yanta. To, ranka ya daɗe, ledar da ake gani ana tsincewa. Wadda ta zama gari fa, wa zai tsince ta daga jini, ko daga nonon uwa?"

Barau ya janye wuƙa, ya ce, "Shi ke nan, Uwale ba ta cin namanki."

Akuya ta yi dariyar takaici. "Kai dai Sarki! Ni kaɗai ce? Balangun da kake ƙunso mata da zafinsa tun tana rarrafe, a me kake ƙunshewa?"

Barau ya shafa aljihu, ga ƙunshin yau a baƙar leda, har ta yi laushi don zafi. Daga ɗaki ya jiyo jaririya tana kuka, ana cewa Uwale ta ba ta nono. Ya zauna a ƙasa.

Ya ce, "Kin yi gaskiya. Da hannuna na ba ta."