Sunan da Ya Zauna a Kan Sifili

Akwai wani mutum, manomi ne a wani ƙauye na bakin kogi, wanda ya ce shi ma zamani ba zai bar shi a baya ba. Da rani ya yi, sai ya riƙa shiga gari yana koyon rubuta wa kwamfuta umarni a wurin wata malama. Yana da kai, ba a musu. Amma irin mutanen nan ne da ba a gama faɗa musu magana sai su ce sun gane.

Wata rana malamar ta ba su aikin 'yan koyo. Ta ce kowa ya jera sunaye, sa'an nan ya rubuta umarnin maimaitawa, wato umarni guda wanda zai sa kwamfuta ta ɗauki suna ta rubuta a allo, ta koma ta ɗauki na gaba, har ta kai ƙarshen jerin. Ta ce, "Ku kula fa, kwamfuta ba ta fara ƙirga daga ɗaya. Sunan farko a wurinta shi ne na sifili. Daga sifili za ku ce mata ta fara."

Manomin ya yi dariya ya ce, "Haba Malama! Tun ba a haife ki ba nake ƙirga damin dawa. Ban taɓa jin dami na sifili ba."

Ta ce, "To, Baba, in sun fito dai ka ƙirga su."

Ya jera magidantan ƙauyensu su arba'in har da shi, ya sa nasa sunan a kan gaba, domin a ganinsa wa zai riga shi? Ya umarci kwamfuta ta fara daga ɗaya. Sunaye suka zubo a allo reras. Ya bi su yana duba na maƙwabta, ya gyara wa wannan harafi, ya yi tsaki a kan na wancan. Ƙirgawa kuwa bai yi ba. Ya buga a takarda, ya kai wa dagaci yana taƙama, dagaci ya yaba ya adana.

Da damina ta yi nisa, kogi ya cika ya kawo. Aka aiko daga gari cewa za a turo jiragen ruwa su kwashe mutane, a ba da sunayen gidaje. Dagaci ya miƙa takardar nan.

Da hantsi jirage suka iso, ruwa ya riga ya ci gonaki ya shiga kan hanya. Shugaban matuƙan ya tsaya yana kiran suna, gida gida suna shiga. Manomin yana tsaye da matarsa da 'ya'yansa, yana ma taya mutane ɗaukar kaya. Aka kira gida goma, aka kira ashirin. Ruwa ya kai masa idon sawu. Aka kira talatin, ya bar ɗaukar kaya ya matso kusa. Aka kira na talatin da tara, mutumin ya naɗe takarda.

Matarsa ta kama rigarsa ta ce, "Maigida, ina sunanmu?"

Ya ruga cikin ruwa yana ihu, "Dakata! Ni ne fa na rubuta takardar nan!"

Shugaban matuƙan ya ce, "Na ji, Baba, amma ba ka ciki. Gida talatin da tara aka ba ni, wurinsu na kawo. In na ƙara gida guda, jirgi ya nutse da kowa. In ruwa ya bar mu, za mu dawo."

Jirage suka juya. Ya tsaya, ruwa a gwiwarsa, ƙaramar 'yarsa tana kuka a wuyansa. Kada ku tambaye ni ko jirgin ya dawo, domin ban sani ba, kuma duk lokacin da na tuna da mutumin nan tsoro yakan kama ni.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwana: takardar nan kamar Littafin Rai ce, ruwan kuwa ranar shari'a ne, wadda ba ta sallama kafin ta shigo. Kwamfutar ba ta yi masa mugunta ba, abin da ya umarce ta shi ta yi. Malamar ita ce Maganar Allah, wadda ke faɗa mana mu fara daga sifili, wato mu zo gaban Ubangiji hannu wofi, mu yarda ba mu da wani abin kirki na kanmu, sai alherin Yesu Almasihu. Mai girman kai ba ya son wannan wuri. Yakan tsallake shi, ya fara ƙirga daga azuminsa da waƙarsa da yawan zuwansa sujada.

Ni da nake koya muku, ni na fi kowa jin tsoron wannan misali. Mun iya duba sunan wani. Mun san wanda ya sha giya, mun san wadda ta daina zuwa taron mata. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mutum zai iya rubuta sunan dukan ikilisiya a littafin baftisma, ya raka su har bakin jirgi, a naɗe takarda shi yana tsaye.

Yau ruwa bai iso ba tukuna. Kafin ka fita daga ɗakin nan, bar sunan maƙwabcinka, ka durƙusa ka tambayi Ubangiji ko naka yana ciki.