Tanimu Mai Walda da Bencin Dattijo

An yi wani mutum, bawan Allah, ana ce masa Tanimu mai walda. Neman abinci ya kai shi wata ƙasar Turawa mai arziki, inda har karnuka ke da riguna.

Kullum in zai tafi aiki yakan ga wani dattijon Bature zaune kan benci da jaka a gefensa. Tanimu ya ɗauka matafiyi ne mai jiran mota, don haka kullum sai ya yi masa fatan sauka lafiya. Ku ji ɗanmu! Bai taɓa kawowa a ransa mutum zai rasa makwanci a garin da benaye suka kai sama ba.

Ranar da ya tambaye shi ina ya nufa, dattijon ya ce nan ne gidansa. Direba ne a da, ciwo ya kwantar da shi, aiki ya tafi, mai gida ya ƙara kuɗin haya ya fitar da shi. Yanzu ba mai ɗaukarsa aiki sai da adireshi, ba mai ba shi ɗaki sai da aiki. Dangi kuwa kowa na ta kansa.

To ku saurara. Sai aka ba kamfanin su Tanimu kwangilar liƙa ƙarafa a tsakiyar bencinan unguwar, har da na dattijon, don kada kowa ya miƙe ƙafa a kai. Da Tanimu ya nuna bai so ba, shugabansa ya ce ko ya yi, ko ya bar aikin. Tanimu kuwa da aikin nan yake ciyar da iyalinsa a gida.

Ya kashe injin waldarsa, ya ce, “Ranka ya daɗe, a garinmu zaure muke gina wa baƙo. Hannuna ba zai hana mutum kwanciya ba.”

Aka kore shi. Ya kama hannun dattijon ya kai shi ɗan ɗakinsa, ya raba ɗakin da labule. Da adireshin nan dattijo ya samu aikin gadi, Tanimu kuma ya koma wanke-wanke a gidan abinci, bai taɓa cewa da na sani ba. Wallahi ina alfahari da shi.

Jama'a, mutum sai ya samu makwanci sannan yake iya tsayawa da ƙafarsa. Kai da ka rushe zauren babanka ka yi shaguna, kai da kake shirin ƙara wa ɗan hayarka kuɗi bana, kafin ka buɗe baki, ka tambaye shi ina zai kai 'ya'yansa.