Kududdufin Mantau

An yi wani mutum a wani gari, ba zan kama sunan garin ba, don idan na kama wasu a nan za su fara tunanin danginsu. Shekarun baya ne, lokacin da siminti ya fara cin kasuwa, ginin ƙasa ya fara zama abin kunya. Sunan wannan bawan Allah Mantau, magini ne. Ku da ke baya ku matso, ku saurara da kyau, don labarin nan ba na dariya ba ne.

Mantau bai gaji gona ba, bai gaji shanu ba. Abin da ya gada wurin ubansa rami ne, kududdufi. Kakanninsa ne suka haƙa shi suna ɗibar ƙasar gini, har rabin gidajen unguwar daga cikinsa suka fito. Da rani yakan haƙi ƙasa a gefensa, ya kwaɓa da ciyawa, ya dunƙula tubali ya shanya. Da damina kuwa, duk ruwan da ya zubo daga indararon gidajen tudu lungu-lungu yake bi ya gangaro ya kwanta a ciki. A bayan kududdufin, can ƙasa, akwai wasu gidaje da ake kira Gangare. Talakawa ne a wurin, masu wanki da 'yan dako da tsofaffin da ba su da kowa. Ramin nan shi ne tsakaninsu da ruwa.

To, sai zamani ya juya. Hukumar garin ta ce gari yana girma, baitulmali ya bushe, fili kuma ya yi daraja. Aka yi shela cewa duk kududdufin da ke cikin gari a cike shi a gina shaguna, hukuma ta samu haraji, matasa su samu aiki. Wanda ya bar nasa a buɗe, ya bar fili a banza ke nan, hukuma na iya karɓewa. Ba a yi maganar inda ruwa zai bi ba. Kuma ba don ba a sani ba ne, jama'a. Kowa ya sani. Yaron da ke wasa a bakin kwata ma ya san ruwa gangara yake yi. An dai hango riba ne, sai aka kau da kai.

Masu kududdufai suka yi ta sayarwa. Tifa ta zo ta juye bola, ta juye jar ƙasa a kai, a daddanne, a ɗora bulo. Duk wanda aka cike, ruwansa sai ya ƙaru a kan na Mantau. Shi kuwa Mantau sana'arsa ta mutu a tsaye. Ba mai kiransa gini, sai dai ɗan yaɓen katanga ko toshe ɓarakar soro.

Ana nan sai wani ɗan kwangila, Alhaji Barmo, ya zo ya same shi a bakin ramin. Ba mugun mutum ba ne a fuska, mai fara'a ne, ya gaishe shi har da ɗan rusunawa.

Ya ce, “Malam Mantau, wahalarka ta ƙare. Ka sayar mini da ramin nan. Zan ba ka abin da za ka gina gidan siminti, in kuma ware wa ɗanka shago guda.”

Mantau ya ce, “Na gode, Alhaji. To ruwan fa, ina zai je?”

Alhaji ya yi dariya ya ce, “Ruwa ai na Allah ne, zai nemi hanyarsa.”

Mantau ya nuna ƙasa da hannu ya ce, “Hanyarsa ga ta can. Ɗakin farko da zai tarar na Gwamma ne, tsohuwar nan mai riƙon jikokinta marayu. Alhaji, in za ka fara gina lambatu babba wanda zai kai ruwan bayan gari, wallahi yau zan sayar maka, ko da rahusa.”

Alhaji ya ce, “Lambatu aikin hukuma ne. In na ce zan yi shi, ribar duka ta tafi.”

Mantau ya ce, “To ka yi haƙuri.”

Alhaji ya sake dawowa, ya ƙara farashi, Mantau ya ce ya yi haƙuri. Ya turo dillalai, Mantau ya ce su yi haƙuri.

Yanzu za ku ce mutanen Gangare sun gode masa, ko? Ku saurara. Su ne suka fi kowa zaginsa. Suka ce raminsa ne ke tara musu sauro, kuma gaskiya ne yana tarawa. Suka ce ya hana unguwa ci gaba, ga ko'ina an yi shaguna da fitilu su suna zaune da kwaɗi. A ciki suke zubar da shararsu, shi kuma ya shiga da kwando yana tsamewa, suna wucewa suna cewa tsohon nan ya taɓu.

Sai babbar jarrabawa ta zo. Matarsa Delu ta kwanta. Ciwo ne a ciki, tun tana ɓoyewa har ya kai ba ta iya miƙewa. Aka kai ta asibitin garin, suka ce sai an yi mata aiki a babban birni, kuma abin da ake nema ya fi ƙarfin magini nesa ba kusa ba.

Mantau bai zauna ba, kada wani ya ce ya zauna. Ya sayar da jakinsa da mangalarsa. Ya yanke rabin gidansa, har da zauren da ubansa ya gina, ya sayar. Ya bi 'yan'uwa gida-gida. Abin da ya haɗa ya kai su birnin, ya sayi magani, amma bai kai na aikin ba. Suka dawo da ita gida.

Ɗansa Sallau, saurayi ne ya isa aure, ya tsaya a kansa a tsakar gida. Ya ce, “Baba, Inna tana mutuwa. Ga Alhaji Barmo can, kalma ɗaya yake jira. Mutanen da kake karewa zaginka suke yi. Rami ne fa, Baba! Rami ya fi Inna?”

Mantau ya juya ya bar shi a tsaye. Ya shiga ɗakin ya zauna a bakin gadonta. Ya ce, “Delu, kin ji abin da yaron nan ya faɗa. Ki gaya mini abin da ke ranki.”

Ta ɗago ido ta dube shi. Sannan ta ce, “Malam, ba zan yi maka ƙarya ba, ina son in rayu. Ina tsoro. Ina son in ga auren Sallau.” Ta huta, ta ce, “In ka sayar, yaran Gwamma za su mutu?”

Ya ce, “Rai na Allah ne. Amma ruwa zai shiga musu, ba shakka, kuma katangunsu ba za su ɗauka ba.”

Ta juya fuskarta bango. Ba ta ce ya sayar ba, ba ta ce kada ya sayar ba. Hawaye kawai take yi, shi ma yana yi.

Jama'a, ban ce muku abu ne mai sauƙi ba. Ni da nake wannan magana ban san abin da zan yi ba da ni ne. Mantau ya tashi ya je wurin Alhaji da ƙafarsa, ya ce, “Ka ɗauki ramin a rabin kuɗi, sauran ka sa a lambatu.” Alhaji ya ce shi ba ya ciniki da sharaɗi. Mantau ya juyo hannu wofi. Kafin damina ta faɗi Delu ta rasu.

Ranar da aka share makoki Sallau ya ɗaure kayansa. Ya ce, “Na bar ka da raminka.” Ya bar garin.

Mantau ya ci gaba da zama a ɗakin da ya rage masa. Damina ta zo, ramin ya cika har baki, ya riƙe. Wata ta zo, ya riƙe. Haka aka yi 'yan shekaru, mutanen Gangare suna kwana lafiya suna tashi suna zaginsa.

Daga ƙarshe hukuma ta gaji da jira. Aka zo da ma'aikata aka ce fili ne da aka bari a banza, an karɓe. Aka ba Alhaji Barmo. Abin da Mantau ya ƙi sayarwa da tsada, aka ɗauke ba a ba shi ko sisi ba. Ya tsaya yana kallon tifofi suna juye bola a inda kakanninsa suka haƙa. Ya roƙi shugaban ma'aikatan a bar ko 'yar hanya ce ta ruwa, aka ce ya matsa kada mota ta taka shi. Shaguna suka tashi, aka yi musu fenti, aka yi bikin buɗewa, mutanen Gangare har da guɗa.

Daminar farko ruwa ya yi ƙaranci, aka ce kun gani, tsohon nan tsoro ne kawai. Ta biyu, wata rana da hantsi, hadari ya haɗo daga gabas aka kece da ruwa. Maza sun tafi nema, mata da yara ne a gida. Ruwan tudu ya gangaro lungu-lungu kamar yadda ya saba, ya tarar da bulo, ya kewaye, ya faɗa Gangare gaba ɗaya. Kafin azahar ya kai ƙirjin babba. Katangu suka jiƙe daga tushe suka fara zama. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ɗakin Gwamma ya rufta da ita da ƙaramar jikarta. Ba su kaɗai ba. Shagunan ma da aka ɗora a kan bola suka tsattsage, wasu suka nutse ta gefe guda.

Da ruwa ya janye, tsohon nan shi ya fara shiga da diga. Ya san ginin kowane ɗaki, don yawanci shi ko ubansa suka yi, ya san inda gado yake zama. Da hannunsa ya zaro Gwamma. Aka yi jana'iza, makara na bin makara. Mutane suna ta sunkuyar da kai idan sun haɗa ido da shi, suna jiran ya ce ai na faɗa muku. Wallahi har ya koma ga Allah ba wanda ya ji ta a bakinsa.

Waɗanda suka tsira ba su da kuɗin siminti, ramin ɗibar ƙasa kuma babu. Mantau ya ce su tattara ƙasar katangun da suka zube, ba ta mutu ba, a sake kwaɓa ta. Ya ɗaga musu tushe da duwatsu, ya yi ta dunƙula tubali da tsofaffin hannuwansa, ɗaki bayan ɗaki, bai karɓi ladan kowa ba sai ɗan tuwon da aka miƙo masa.

A kan wannan aiki Sallau ya dawo ya same shi, ya ji labari a inda yake. Ya durƙusa ya gaishe shi, amma zuciyarsa ba ta huce ba. Ya ce, “Baba, me ka samu? Inna ta tafi. Ramin ya tafi. Mutanen da ka ce kana karewa ga shi sun mutu duk da haka.”

Mantau ya goge hannunsa a jikin riga. Ya ce, “Ban samu komai ba, ɗana. Kuma ba ranar da ba na tuna uwarka. Sai dai shekarun da ramin ke hannuna, ba uwar da ta binne ɗanta saboda ni. Abin da aka ba ni tsaro ke nan, na tsare iya ƙarfina. Da aka karɓe, ya koma wuyan wanda ya karɓa.”

Sallau ya miƙe. Ya naɗe ƙafar wandonsa ya shiga cikin kwaɓin. Mantau bai ga ƙarshen ginin ba. Sanyin ruwan nan ya kama masa ƙirji, ya rasu kafin kaka, ba gida cikakke, ba dukiya.

To jama'a, ga abin da nake so ku riƙe. Haƙƙin maƙwabci ba ya tsayawa a gaisuwar safe da kwanon abincin Sallah. Inda ruwan gidanka yake zuwa, haƙƙi ne. Abin da ka mallaka, idan amfaninsa zai zama cutar na ƙasa da kai, amana ce a hannunka, ko da takardar hukuma ta ce ka yi yadda kake so. Kuma mai gaskiya ba lallai ne a biya shi a nan ba, wani sai ya je can.

Kai da ka ƙara shago a kan magudana, kai da ka ɗaga daɓen ƙofarka ka tura wa na bayanka ruwa, kai da ke ofis kana sa hannu a yanka fili a hanyar ruwa don ba unguwarku ba ce, ke da ke juye shara a kwata idan an fara yayyafi, duk muna nan a zaune, mun san kanmu. Damina tana tafe. In kun koma gida yau, kowa ya tsaya a ƙofarsa ya bi ruwansa da ido, ya ga ɗakin wa yake nufa, tun kafin a tambaye shi a inda ba a kau da kai.

Allah Ya jiƙan wannan bawa nasa da matarsa, Ya sa kada a binne kowa saboda mu.