Geron Gidan Manu

A wani ƙauye kusa da Sule Tankarkar akwai wani manomi mai suna Malam Ɗalha. Mutum ne mai ƙwazo, ba ya rabuwa da rediyo. Aibinsa shi ne ba ya yarda a fi shi a musu, kuma ba ya son kowa ya riga shi shuka. Yana da wani irin gero da ya gada daga kakansa Manu, mai doguwar zangarniya da gashin da ke hana tsuntsu ci. Duk yankin a rumbunsa kaɗai ya rage, domin ko cikin tafin hannu ba ya ba kowa.

Wata rana bayan la'asar, hira a bakin masallaci ta kai ga ɗumamar yanayi. Ƙanensa Ilu, mai dillancin awaki a kasuwar Maigatari, ya ce, "Yaya, mutanen Damagaram sun ce ruwan farko ya zama mayaudari. Yanzu raba iri suke yi, su shuka rabi, su ajiye rabi."

Malam Ɗalha ya yi dariya. "Dillali zai koya mini noma! Ai na fi ka sanin zancen. Hayaƙin masana'antun manyan ƙasashe ne ya jawo. Su suka ɓata, su gyara. Ni me na ƙona, ban da karan dafa tuwo?"

"Gaskiyarka, Yaya. Amma kafin su gyara, a gonarka abin zai sauka."

"Ruwa na Allah ne, Ilu."

"Hankalin ma shi ya ba mu."

Jama'a suka yi dariya. Wannan dariyar ta tsaya wa Malam Ɗalha a rai.

Ba a jima ba aka yi ruwa mai ƙarfi, tun lokaci bai yi ba. Da safe ya sussuke irin gaba ɗaya, ya saɓa sungumi. Matarsa Mairo ta biyo shi zaure da ƙwarya a hannu.

"Malam, don Allah zuba mini kaɗan in ajiye."

"Ilu ne ya aiko ki?"

"Ba wanda ya aiko ni. Gabana ne ke faɗuwa."

"Mayar da ƙwaryarki. Bana za a ga wanda ya san gona."

Gero ya tsiro kore shar, masu wucewa na tsayawa kallo. Daga nan sama ta washe. Rana ta buɗe da zafin da tsofaffi suka ce ba su saba gani a farkon damina ba. Kullum sai ya tafi gona ya tsuguna, ya tona ƙasa da yatsa yana neman danshi. Tsiron ya naɗe, ya yi ja, iska ta zo da yashi ta rufe abin da ya saura.

Da damina ta tsaya sosai, Ilu ya kawo masa iri mai saurin nuna, ya ajiye a zaure. Aka shuka, aka samu na tuwo. Amma Malam Ɗalha ya shiga bin kasuwanni, Gumel, Gagarawa, Maigatari, yana neman geron kakansa, yana kwatanta shi da tsawon hannunsa. A Maigatari wani tsohon mai awo ya saurare shi, ya ce, "Na san shi. Je ka wajen Sule Tankarkar, ka nemi jikan Manu. Shi kaɗai ke da shi."

 Malam Ɗalha ya ce, "Na gode, Baba," ya juya yana share ido da hannun riga.

Darasin da ke nan shi ne, sanin mai laifi ba ya raya shuka. Malam Ɗalha bai yi ƙarya ba, ba shi ya ɗumama duniya ba, kuma wajibi ne a ci gaba da matsa wa waɗanda suka yi. Amma yanayi ya riga ya sauya a kanmu. Mu saurari shawara ko daga ƙane ta fito, mu sauya dabara, kuma abin da muka gada mu raba shi a hannaye da yawa tun yana nan.